Sharhi: Sauro Da Kumburin Ƙwaƙwalwa, Abin Da Bincike Ya Gano Da Aikin Da Ke Gaban Sifawa, Boɗinga Da Shagari

Duk wanda ya yi zaman Sifawa ko Boɗinga ko Shagari ya san cewa da zarar damina ta kankama, tun daga ƙarshen watan Yuli har zuwa Oktoba, ɗakunan shan magani kan cika maƙil da masu zazzaɓi, galibinsu ƙananan yara. Mafi yawansu kan sha magani su warware cikin 'yan kwanaki. Amma a kowace shekara akan sami wasu ƙalilan waɗanda zazzaɓin nasu kan haye kai, yaro ya fara jijjiga, ko ya daina gane mahaifiyarsa, ko ya shiga dogon suma. Idan haka ta faru, sunaye biyu ne aka saba ji a bakin jama'a, wato maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa ko kuwa sanƙarau. Idan kuma aka yi maganin waɗannan biyu ba a ga sauƙi ba, sai dangi su ce iska ce, su ɗauke majinyacinsu su koma gida.

Manufar wannan sharhi ita ce jawo hankalin mazauna karkara da shugabannin al'umma da jami'an ƙananan hukumomi ga suna na uku, wato kumburin ƙwaƙwalwa da wasu ƙwayoyin cuta na bairas ke haddasawa ta hanyar cizon sauro. Shekaru da dama ke nan likitoci na gudanar da bincike a kan waɗannan cututtuka, kuma abin da binciken ya nuna ya shafe mu kai tsaye, domin wasu daga cikinsu sun riga sun iso ƙofar gidanmu.

Yadda Cutar Take

Tun farko ya kamata a fahimci cewa har gobe maleriya ce kan gaba wajen kwantar da yaranmu. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke. Haka kuma Jihar Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ya saba ɓarkewa, kamar yadda aka gani a tsakanin 2016 da 2017, lokacin da ya hallaka mutane sama da 1,100 a ƙasar nan, akasarinsu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Saboda haka duk likitan da ya fara da neman waɗannan cututtuka biyu a jikin yaro mai jijjiga, ya yi daidai.

Sai dai akwai bambanci a tsakanin ƙwayoyin cutar. Maleriya wata 'yar halitta ce da ke shiga cikin jini, kuma tana da magani. Sanƙarau irin wanda ke zama annoba ƙwayar bakteriya ce ke kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, shi ma yana da allurarsa. Ita kuwa bairas ta fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma idan ta sami hanya takan kumbura naman ƙwaƙwalwar ne shi kansa. Maganin maleriya ba ya kashe ta, allurar sanƙarau ba ta taɓa ta, kuma ɗan gwajin nan na tsinken jini da ake yi a ɗakin shan magani maleriya kaɗai yake iya gani. Ga shi kuma a ido alamun duka ukun kusan ɗaya ne: zafin jiki, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, ruɗewa, jijjiga da suma.

Shi ma sauron iri-iri ne. Anofilis, mai kawo maleriya, da dare yake cizo. Kyuleks ya fi son ruwan lambatu da kududdufi da gonakin shinkafa, yana cizo daga faɗuwar rana zuwa asuba. Edis kuwa, mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, a cikin randa da duro da tsohuwar taya yake ƙyanƙyasa, kuma da rana yake cizo, lokacin da babu wanda ke cikin gidan sauro.

Cututtukan Da Ke Kusa Da Mu

Idan za a iya tunawa, a watan Nuwamba na 2023 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, ta tabbatar da ɓullar zazzaɓin dengi a Jihar Sakkwato. Sanarwarta ta ce an sami mutum 71 da ake zaton sun kamu, gwaji ya tabbatar da 13, kuma ba a rasa rai ba. Ƙananan hukumomin da ta ambata su ne Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni. Duk mutumin Sifawa ya san kusancin da ke tsakaninsa da waɗannan wurare, kuma ya san yawan mutanen da ke kai da kawowa zuwa birni kowace safiya. A wannan shekarar ce kuma dengi ya kashe mutane sama da 600 a ƙasar Burkina Faso. Galibin masu dengi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kawai suke yi su warke, amma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya taɓuwar ƙwaƙwalwa cikin alamun dengi mai tsanani.

Cuta ta biyu ita ce zazzaɓin Kwarin Rift, wanda aka fara ganowa a jikin tumaki a ƙasar Kenya a 1931. Asalinta cutar dabbobi ce, sauro ke yaɗa ta a tsakanin tumaki da awaki da shanu da raƙuma, kuma babbar alamarta a garke ita ce yawan ɓari da mutuwar ƙananan dabbobi a lokaci guda. Mutum yakan kamu da ita ta cizon sauro, amma an fi kamuwa ta hanyar taɓa jini ko mahaifa ko naman dabbar da ke ɗauke da ita, ko shan madarar da ba a tafasa ba. A 2016 ta ɓarke a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a yankunan Cintabaraden da Tasara da Abalak, inda ta kashe mutane sama da 30, yawancinsu makiyaya. Jihar Tawa ce ke da Birnin Ƙonni, maƙwabciyar Illela, kuma kowa ya san yadda dabbobin da ke shigowa ta wannan iyaka ke bazuwa cikin kasuwanninmu. Ƙasa da mutum ɗaya cikin ɗari na masu wannan cuta ne take taɓa wa ƙwaƙwalwa, amma tana da wata yaudara: kumburin kan zo ne mako ɗaya zuwa huɗu bayan zazzaɓin farko, lokacin da dangi suka ɗauka an warke. A 2025 ma ta sake ɓarkewa a ƙasashen Senegal da Muritaniya.

Ta uku ita ce zazzaɓin Yammacin Nilu, wanda aka fara ganowa a ƙasar Yuganda a 1937. Tsuntsaye ne ke ɗauke da ƙwayar, sauron Kyuleks kuma ya kwaso ta ya kai wa mutane da dawaki. Kimanin mutum takwas cikin goma da suka kamu ba su ma sanin sun kamu, amma kusan ɗaya cikin 150 takan taɓa masa ƙwaƙwalwa ko laka, musamman tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. Wani lokaci takan shanye hannu ko ƙafa kwatankwacin shan inna. Ɗakin binciken ƙwayoyin bairas na Jami'ar Ibadan, wanda aka kafa a 1964, ya daɗe da gano wannan ƙwaya a Nijeriya. A 2013 kuma Farfesa Marycelin Baba ta Jami'ar Maiduguri da abokan aikinta suka wallafa sakamakon gwajin jinin mutum 310 da suka je asibiti ana zaton maleriya ko taifot ke damunsu, inda aka tarar da alamun dengi da zazzaɓin Yammacin Nilu da shawara da wasu makamantansu a jinin da yawa daga cikinsu. Wani binciken da aka wallafa a 2015 ya sami alamar ƙwayar a jinin kusan dawaki tara cikin goma da aka gwada a kudu maso yammacin ƙasar nan. Yanayin Maiduguri bai bambanta da na Sakkwato sosai ba, kuma a ƙasar da doki ke da daraja irin tamu, wannan labari abin lura ne.

Madatsun Ruwa Da Noman Rani

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya shafi Shagari musamman. Madatsar ruwan Shagari da fadamun da ke kewaye da ita arziki ne babba, domin da su ake noman rani, ake kamun kifi, ake shayar da dabbobi. Amma duk inda ruwa ya kwanta shekara cur, nan sauro da tsuntsayen ruwa irin su balbela da zalɓe da garken dabbobi da mutane ke haɗuwa wuri guda, kuma wannan haɗuwa ce ƙwayoyin bairas ke buƙata. Tarihi ya nuna haka a yammacin Afirka. An kammala madatsar ruwan Diama a kan Kogin Senegal a 1986, shekara ɗaya bayan haka zazzaɓin Kwarin Rift ya ɓarke a yankin Rosso na Muritaniya ya kashe mutane sama da 200, kuma masana sun danganta ɓarkewar da ƙaruwar ruwa da sauro a wurin. Wannan ba hujjar barin noman rani ba ce. Abin da yake nufi shi ne lallai sa ido kan lafiya ya tafi kafaɗa da kafaɗa da kowane aikin ban ruwa.

Abin Da Binciken Asibiti Ya Gano

Mafi yawan gwaje-gwajen magani a kan irin wannan ciwo an yi su ne a nahiyar Asiya, a kan cutar da ake kira kumburin ƙwaƙwalwa na Japan. Ita ce ta fi kowace cuta irinta ɓarna a duniya. Tana yaɗuwa a ƙasashe 24, an ƙiyasta tana kwantar da mutum kusan 100,000 a shekara, tana iya kashe uku cikin goma na waɗanda ta kwantar, kuma tana barin kashi 30 zuwa 50 cikin 100 da nakasa ta har abada, kamar farfaɗiya ko rashin magana ko taɓuwar hankali. Ba cutar da ta zauna a Afirka ba ce, ko da yake an taɓa gano ƙwayarta a jikin wani majinyaci a Angola a 2016, amma 'yar'uwar zazzaɓin Yammacin Nilu da dengi ce ta jini, don haka darasin da aka koya daga gare ta ya shafi sauran.

Darasin farko mai ɗaci ne. A 1992 aka wallafa sakamakon gwajin maganin deksametason a ƙasar Tailan, bai rage mutuwa ba. A 2003 aka wallafa na maganin intaferon da aka yi a kan yara 112 a Biyetnam, shi ma bai taimaka ba. A 2009 aka wallafa na maganin ribabirin a Indiya, sakamakon bai sauya ba. Har ya zuwa yau babu wani magani da aka tabbatar yana kashe ƙwayar kumburin ƙwaƙwalwa na Japan ko ta Yammacin Nilu ko ta Kwarin Rift a jikin ɗan Adam. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ko ƙulli yana cewa ga maganinsu, yaudara ce.

Darasi na biyu shi ne jinya mai kyau tana ceton rai ko babu maganin ƙwayar. Tsayar da jijjiga da allura, saukar da zafin jiki, kula da sukarin jini, ƙarin ruwa daidai gwargwado, ciyarwa ta robar hanci, ba da iskar shaƙa, da juya majinyaci a kan gado, su ne ke riƙe mutum har jikinsa ya yaƙi ƙwayar. Duk waɗannan a asibiti ake samun su.

Darasi na uku shi ne rigakafi ya yi nasara inda magani ya gaza. Allurar rigakafin kumburin ƙwaƙwalwa na Japan da aka ƙera a ƙasar Sin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ingancinta a 2013, ta rage cutar ƙwarai a wuraren da aka yi wa yara ita. Game da zazzaɓin Kwarin Rift kuwa, akwai rigakafin dabbobi, kuma a 2024 aka fara gwajin wata allurar mutane da Jami'ar Oxford ta haɗa a kan mutum 240 a yankin Kilifi na Kenya. Zazzaɓin Yammacin Nilu yana da rigakafin dawaki, amma na mutane bai samu ba tukuna.

Darasi na huɗu, wanda ya fi kowanne muhimmanci a gare mu, shi ne haɗarin yanke hukunci da ido. A ƙasar Malawi likitoci sun binciki gawarwakin yara 31 da aka yi imanin maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, sai aka tarar bakwai daga cikinsu wani ciwo ne daban ya yi ajalinsu, duk da cewa akwai ƙwayar maleriya a jininsu. An wallafa wannan a 2004. Ma'anarsa ita ce a ƙasar da maleriya ta yi yawa, gwaji na iya nuna maleriya alhali wani ciwon ne ke cin yaron. A yankin Gorakpur na Indiya kuma an shafe shekaru ana ɗora mutuwar yara kan kumburin ƙwaƙwalwa na Japan, sai da aka zurfafa gwaji aka gane cewa kaso mai yawa wata ƙwayar bakteriya ce da wani ɗan ƙwaro ke yaɗawa, wadda maganinta ke da araha. Mu ma a nan kusa mun ga irin haka. A 2010 yara sun yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, an yi ta maganin maleriya a banza, sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce daga aikin zinari, bayan an rasa yara sama da 400. Cutar da ba a gane sunanta ba, ba za a iya tare ta ba.

Abin Da Ke Hana Bincike Tafiya

Gano ƙwayar bairas a ƙwaƙwalwa aiki ne mai wuya. Wasu ƙwayoyin, kamar ta Yammacin Nilu, kwanaki kaɗan suke yi a cikin jini, ta yadda kafin ciwon ya hau kai sun riga sun ɓace daga jinin. Sai dai a nemi sawunsu, wato sinadarin kariya da jiki ya fitar don yaƙarsu. Shi kuma wannan sinadari yakan rikita gwaji, domin na dengi da na shawara da na Yammacin Nilu suna kama da juna, har wanda aka yi wa rigakafin shawara ma gwajinsa na iya nuna alama. Wannan ne ya sa ake buƙatar manyan ɗakunan gwaji, irin na NCDC da ke Gaduwa a Abuja, da Cibiyar Pasteur ta Dakar, da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom. Kuma dole ne samfurin ya isa can cikin sanyi, a kan lokaci, tare da cikakken bayanin majinyaci.

Samfurin da ya fi faɗin gaskiya shi ne ruwan ƙashin baya, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani da iyaye. Mutane da dama sun yi imanin cewa ɗibar ruwan baya na kashe yaro ko ta gurgunta shi. Gaskiyar magana ita ce ana sanya allurar ne a ƙasan inda laka ta ƙare, abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, alhali jikin babban mutum na samar da kusan rabin lita na wannan ruwa a kowace rana. Abin da ya jawo mata baƙin jini shi ne waɗanda ciwonsu ya riga ya tsananta ake yi wa ita, idan ajali ya zo sai a ɗora wa allurar. Likita ya san yanayin da bai dace a yi ta ba, kuma yakan jinkirta. Da wannan ruwa ne ake bambance sanƙarau da kumburin bairas, da shi ne kuma ake gano wani nau'in kumburin ƙwaƙwalwa da ba sauro ke kawo shi ba, wanda yake da magani mai suna asiklobir idan an fara da wuri. Uban da ya hana a ɗiba, ya rufe wa likita ido ne.

Akwai kuma batun amana, wanda bai kamata a ɓoye shi ba. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a binciken da ya ƙunshi yara 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tabon wannan lamari ya daɗe a zukatan mutanen Arewa. Amma kuma ya kamata a tuna da ɗaya gefen. Allurar atesunet da ake ceton yara masu maleriya mai tsanani da ita a asibitocinmu, bincike ne ya tabbatar da fifikonta a kan kwinin. An gudanar da shi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Ilori a Nijeriya, aka wallafa a 2010, ya nuna ta rage mutuwa da fiye da kashi 22 cikin 100. Duk yaron Boɗinga da wannan allura ta tashe shi ya ci moriyar iyayen da suka amince aka yi bincike da 'ya'yansu.

Tun 2007 Nijeriya na da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. A ƙarƙashinsa, wajibi ne kowane bincike ya sami izinin kwamitin ɗa'a kafin a fara, a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, a nemi yardarsa ba tare da tilas ba, kuma yana da ikon janyewa a kowane lokaci ba tare da an hana shi magani ba. Gwajin sabon magani kuma sai da amincewar hukumar NAFDAC. Haƙƙin kowane uban ƙasa ne da hakimi ya nemi ganin waɗannan takardu, ya tambayi wa ya ɗauki nauyin aikin, ina za a kai jinin, kuma yaushe za a dawo a faɗa wa jama'a sakamako.

Aikin Da Ke Gabanmu

Ga magidanta da iyaye mata, duk zazzaɓin da ya zo da jijjiga ko ruɗewa ko sanƙarewar wuya ko barcin da ba a iya tayar da mutum daga gare shi, na asibiti ne a wannan sa'a, ba sai gari ya waye ba. A kwantar da mai jijjiga ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a yi masa ɗure, kada a turara masa hayaƙi. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a kan hanya. Idan gwaji bai nuna maleriya ba, ko an sha magani kwana biyu babu sauƙi, a koma wurin ma'aikacin lafiya. A guji asfirin da ibufurofen a zazzaɓin da ba a san asalinsa ba, domin suna iya jawo zubar jini ga mai dengi, farasitamol ya wadatar. A riƙa rufe randa da duro, a wanke cikinsu da soso duk mako, domin cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwan sauro ke zama sauro. A kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, a yashe lambatu, a kwana cikin gidan sauro, kuma a sanya jarirai da tsofaffi a ciki ko da barcin rana ne.

Ga makiyaya da mahauta da dillalan dabbobi, idan aka ga ɓari ya yawaita a garke, ko 'yan raguna na mutuwa a jere, ko doki na tangaɗi yana faɗuwa, a sanar da malamin dabbobi nan take. Kada a yanka dabbar da ke ciwo a sayar, kada a taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara, kuma a tafasa madara. Dabbobi da tsuntsaye kan riga mutane nuna alama. Lokacin da zazzaɓin Yammacin Nilu ya shiga birnin New York na Amurka a 1999, da farko an ɗauke shi wata cuta ce daban, sai da wata likitar dabbobi ta dage kan binciken hankakin da ke faɗowa matattu sannan aka gane gaskiya.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da daraktocin lafiya, ba sai an ƙirƙiro sabon tsari ba. Yaƙin da aka yi da shan inna, wanda ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020, ya bar mana jami'an sa ido kan cututtuka a kowace ƙaramar hukuma, da akwatunan sanyi, da masu kai rahoto a ƙauyuka. Abin da ake buƙata shi ne a tanadar wa jami'in sa ido man babur da kuɗin kai samfur, a tabbatar kowane ɗakin shan magani na rubuta yawan masu jijjiga da suma da waɗanda gwajin maleriyarsu bai nuna komai ba, a haɗa sashen lafiya da na dabbobi su riƙa zama tare a lokacin damina, a kuma tanadi motar da za ta kai majinyaci babban asibiti, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Masu shagunan magani da ungozomomi da masu maganin gargajiya su ne ke fara ganin marasa lafiya, don haka a jawo su jika, a koya musu alamun haɗari. Duk unguwar da aka sami mutum biyu ko uku da irin wannan ciwo cikin ɗan lokaci, mai unguwa ya kai rahoto, ko a kira lambar kyauta ta NCDC, wato 6232. Waɗanda suka tashi da nakasa kuma kada a manta da su, domin suna buƙatar gashin ƙashi da maganin farfaɗiya da gurbi a makaranta.

Daga ƙarshe, Sifawa gari ne da tarihi ya san shi da neman ilmi, domin a nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa da rubuce-rubuce kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar littattafai a kan cututtuka da magunguna. Bin diddigin ciwo har a san asalinsa gadonmu ne. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a kan waɗannan cututtuka da har yanzu ba su da magani, rigakafi da saurin zuwa asibiti da yarda a yi gwaji su ne abin da ke hannunmu kafin damina mai zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.